Canon IXUS 285 HS ko Sony W830: wacce ya kamata mai sayar da atamfa ta ɗauka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Gyaɗi-Gyaɗi, ina saro atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari ina tallarsu a WhatsApp. Wayata ba ta fito da launin kaya yadda yake, har wasu kan ce ba abin da suka gani ba ne aka kai musu. Sannan ina son abin da zan riƙa ɗaukar yarana da shi, da hidimar biki da suna, wanda zai shiga jaka ba nauyi. Ƙanena ya samo min ƙananan kyamarori biyu na hannu a wajen wani mai shago, Canon IXUS 285 HS da Sony DSC-W830. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne tunda kowacce megafiksel 20 ce, kuma Sonyn ta fi araha sosai. Don Allah wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam Hajiya. In na fahimce ki, aiki uku kike so ƙaramar kyamara ɗaya ta yi miki: ta fito da launin kaya na gaskiya, ta kama yara da ba sa zama wuri ɗaya, ta kuma yi aiki a wajen taro inda galibi haske ba ya wadata. Ba zan ja miki rai ba. In dai dukkansu lafiyarsu ƙalau, Canon ɗin nake ba ki shawara. Sai dai sharaɗin lafiyar nan ba ƙarami ba ne, kuma akwai ɓangaren matsalarki, wato launin kaya, da babu wadda za ta warware miki shi a cikin biyun sai kin gyara wurin da kike ɗaukar hoton da lokacin da kike ɗauka.

Sony ta fitar da W830 a farkon 2014, Canon kuma ta fitar da IXUS 285 HS a farkon 2016. A Amurka sunan Canon ɗin PowerShot ELPH 360 HS, saboda haka in kika ga wannan sunan a jikinta kada ki ce jabu ce, ita ce dai. Sun fito ne bayan wayar hannu ta riga ta fara durƙusar da kasuwar ƙananan kyamarori. Mu da muke sana'ar hoto a Kano a gabanmu aka yi: a da ba gidan bikin da za ka shiga ba ka ga 'yan mata da irinsu a rataye a hannu ba, kafin a ankara duk sun koma cikin durowa. A 'yan shekarun nan ne matasa suka sake waiwayarsu don son hoton filas irin na da, kuɗinsu ya sake tashi, har Canon ta sake fito da wannan samfurin a 2025 da ƙarin harafin A a ƙarshen sunan. Wato kayan da ke gabanki sun iya yin shekara goma suna yawo a hannun mutane, amma ana sa musu kuɗin abin da ake yayi.

Maganar megafiksel

Mai shagon bai yi ƙarya a kan lambar ba. Sonyn 20.1 ce, Canon 20.2. Inda ya kauce shi ne cewa duk ɗaya ne. Megafiksel yawan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton kawai yake faɗa, ba ya faɗin kyansu. Hoton da ake wankewa na zubawa a alabam, mai inci 4 da 6, megafiksel biyu da ɗan ɗoriya ya ishe shi ya fito tas. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi kafin ya tura. Ke nan a aikinki ko da 10 ce ta wadatar, ba a nan za a yi zaɓe ba.

Wurin dubawa shi ne sensa, ɗan faifan da ke bayan idon kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Girmansu ɗaya a kyamarorin biyu, wanda ake rubutawa 1/2.3, kimanin milimita 6 a tsawo da 4 da rabi a faɗi. A wannan ɗan wurin aka cusa ɗigo miliyan 20. Ki ɗauka tsakar gida ce aka jera kwanuka ana taren ruwan sama. In aka ƙara yawan kwanukan ba a ƙara faɗin tsakar gidan ba, dole kowane kwano ya ƙanƙance. Ranar da aka sheƙa ruwa duk za su cika, ranar yayyafi kuwa kowanne ɗan ɗigo zai samu. Haka haske yake wa waɗannan kyamarori. Da rana tsaka kowacce gwana ce. Daga la'asar sakaliya zuwa cikin ɗaki ne ake gane wadda ta fi iya tattalin ɗan abin da ta samu.

A nan suka rabu. Sonyn tana da sensa irin ta da, wadda ake kira CCD. Canon tana da CMOS, kuma irin wadda aka mayar da siraran wayoyin lantarkinta baya don kada su tare wa haske hanya. Haruffan HS na jikin sunanta wannan suke nufi, wato an yi ta don ta jure ƙarancin haske. In haske ya yi ƙasa, kyamara takan ɗaga wata lamba da ake kira ISO, ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, kuma duk ɗagawa sai hoton ya ƙara yin yashi-yashi, launi ya dagule. Dukkansu a takarda suna kaiwa 3200, amma wannan na takarda ne. A abin da na saba gani, Sonyn da ta wuce 400 fuskar mutum ta fara narkewa, gashin gira da zanen ɗinki su ɓace. Canon tana iya kai 800 hoton yana da mutuncin da za a nuna wa mutane. Ninki biyu ne kacal, amma a falon da ƙwai ɗaya ke ci bayan magariba wannan ninkin shi ne tsakanin hoton da za ki ajiye da wanda za ki goge.

CCD kuma tana da nawa wajen kwashe hoton daga sensa zuwa memori. Sonyn ba ta wuce hoto ɗaya a sakan in aka danne maɓalli, kuma bayan kowane ɗauka sai kin ɗan jira ta. Canon tana yin kusan biyu da rabi, tana kuma da wani tsari na sauri da ke rage girman hoton ya ƙara yawansu. Mai ɗaukar gini ko tulin atamfa ba ruwansa da wannan. Mai bin ɗan shekara uku ranar sallah kuwa, kafin Sonyn ta shirya yaron ya cire hular ya juya baya. Dabarar da ke taimakawa a kowacce ita ce ki danna maɓallin rabi, ki jira ta saita ido ta yi ƙara, sannan ki ƙarasa dannawa a daidai lokacin da kike so. Mafi yawan hotunan da ake kawo min ana cewa kyamara ta lalace, danna maɓalli ne aka yi gaba ɗaya lokaci guda.

Bidiyo ma Canon ce gaba: tana ɗaukar mai layin ɗigo 1080, Sonyn ta tsaya a 720, kuma babbar lamba ta fi fitowa tas. Sannan CCD tana da wani hali, in ƙwan lantarki mai ƙarfi ya shigo cikin bidiyon sai ki ga wani layin haske ya ratsa daga sama har ƙasa. A zauren dina da aka cika da fitilu wannan ba ya ɓoyuwa.

Kada na zalunci Sonyn. A hasken rana launinta yana da daɗin kallo, idonta mai sunan Zeiss, kamfanin gilashin kyamara, yana da kaifi a tsakiya, kuma in ba a zuƙo ba ya ɗan fi na Canon buɗewa, f/3.3 ne a kan f/3.6, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ce ta fi shigar da haske. Ta fi ƙanƙanta, nauyinta kusan giram 120, Canon kusan 147. Batirinta a ma'aunin kamfani yana kai hoto 210, na Canon 180. Wanda hotonsa duk na rana ne, yawon Dutsen Dala ko marinar Ƙofar Mata, Sonyn ba za ta ba shi kunya ba. Ke dai ba naki aikin ke nan ba.

Zuƙowa da filas

Canon tana zuƙowa ninki 12, daga milimita 25 zuwa 300 a ma'aunin masu hoto, inda ƙaramar lamba ke nufin faɗi, babba kuma jawo abin da ke nesa. Sonyn ninki 8, daga 25 zuwa 200. Daga faɗi sun yi kunnen doki, duk yawan jeren dangin da ɗaya ta ɗauke ɗayar ma za ta ɗauke. Bambancin yana can ƙarshe, kuma zai yi miki amfani in an yi hawa kina nesa da dawakai a Ƙofar Kudu, ko ranar saukar karatu yaronki yana gaba ke kina layin baya. Amma zuƙowa tana da kuɗinta. In kika kai Canon ƙarshe, idonta yakan tsuke zuwa f/7, hasken da ke shiga ya ragu kusan ninki huɗu. Sonyn ma tana tsukewa zuwa f/6.3. Dukkansu suna da abin rage rawar hannu a cikin idon, yana kuma aiki, sai dai rawar hannunki yake gyarawa, ba motsin wanda kike ɗauka ba. Saboda haka dogon zuƙo na rana ne a waje. Cikin ɗaki ki taka ki matsa. Da hunturu ma, in hazo ya sauka, duk abin da kika zuƙo daga nesa zai fito fari-fari, ƙurar da ke tsakaninku ce kika ɗauka, ba laifin kyamara ba ne. Akwai kuma zuƙowar bogi da ke ci gaba bayan ta gaskiya ta ƙare, wadda yanke hoton kawai take yi ta kumbura shi. Ki sa a kashe miki ita tun ranar farko.

Filas ɗinsu na gaskiya ne, walƙiya guda mai ƙarfi, ba 'yar fitilar waya ba. Shi ne ke tsayar da motsi cak, shi ya sa hoton rawa a wajen kamu ke fitowa da kyau da irin waɗannan kyamarori. Amma ƙarfinsa bai wuce mita 3 zuwa 4 ba, in an zuƙo ma ya ragu zuwa wajen 2. In amarya tana can kan mumbari ke kina tsakiyar zaure, ƙeyar waɗanda ke gabanki za ki haska. Wani abin da za ki gani lokacin ƙura shi ne fararen da'irori suna yawo a hoton dare. Filas ɗin yana dab da idon kyamarar, sai ya haska ƙurar da ke shawagi a gabansa. An sha kawo min kyamara a goge saboda wannan, har da masu rantsuwa wani abu ne daban suka ɗauko. Maganinsa a matsa inda ba a tayar da ƙura ba, ko a nemi haske a kashe filas.

Tunda zancen biki ya shigo, ke kin fi ni sanin cewa ba kowace mace ce ke son a ɗauke ta a wajen taron mata ba, balle a ɗora a waya. Ƙaramar kyamara ba ta jan ido irin babba, nauyin neman izini sai ya ƙaru a kan mai riƙe da ita.

Launin kaya, inda kuɗinki yake

Nan zan fi daɗewa, don ina zargin ba wayarki ce kaɗai mai laifi ba. Haske kansa yana da launi. Ƙwan lantarki wani ja-ja yake, wani shuɗi-shuɗi. Rana da hantsi daban, da yamma daban. Bangon ɗaki in an yi masa fenti ruwan hoda ko kore, launinsa yakan koma kan kayan. Idon mutum yana gyara wannan da kansa ba ya ko lura, kyamara kuwa kintata take yi: takan ɗauka cewa in aka cakuɗa duk launukan da ke gabanta za su tashi ruwan toka. To ke kuma sai ki cika mata ido da atamfa ja zur. Sai ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta shiga ragewa, jan ya koma wani abu daban. Shi ya sa ja da shunayya da ruwan goro suka fi ba masu sayar da kaya wahala. Waya ma ta fi muni a nan, don an tsara ta ta ƙara wa hoto armashi, ta ƙara wa launi ƙarfi ko ba a sa ta ba.

Abin da waɗannan kyamarori biyu za su ba ki shi ne ikon hana su kintace. Ki fitar da ita daga tsarin da take yin komai da kanta, ki sa ta a harafin P. Ki shiga wurin daidaita fari, wanda ake rubuta wa WB. A Canon ki zaɓi Custom, a Sony One Push. Ki ɗora farar takarda a daidai inda za ki shimfiɗa kayan, ki cika idon kyamarar da ita, ki danna. Kin gaya mata ke nan ga abin da ake kira fari a wannan hasken, sauran launuka sai su zauna a mazauninsu. In kin canza wuri ko rana ta juya, ki sake. Ba ya cin minti ɗaya. A Canon kuma ki duba wurin My Colors ki tabbata a kashe yake, kada ta ƙara wa kayan kwalliyar da ba tasu ba.

Wurin ɗauka kuwa, inuwa mai haske: ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, ko bakin ƙofa, da hantsi kafin rana ta take. Ki kashe ƙwan lantarkin da ke kusa don kada haske iri biyu su haɗu, domin ba kyamarar da ke iya gyara biyu lokaci guda. Ki shimfiɗa kayan a kan farin ƙyalle ko ruwan toka, ba kan darduma mai zane ba. Kada ki kunna filas a kan shadda. Ƙyallinta zai mayar da hasken ya ƙone tsakiyar hoton, zanen saƙar ya ɓace. Shadda tana son haske ya zo mata daga gefe, shi ke tayar da furen da ke jikinta. Leshi mai duwatsu ma haka.

Sai yawan hasken. Kyamara in ta ga farar shadda ta cika mata ido, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, farin ya fito kamar an sha wanki. In ta ga baƙi ko shuɗi mai duhu sai ta ƙara, kayan su fito a koɗe. Dukkansu suna da wurin ƙari da ragi mai alamar +/-. Ga fari ki ƙara zuwa +1, ga mai duhu ki rage zuwa wajen -1, ki duba ki daidaita. Wannan zai yi miki amfani a hoton mutane ma. Maigida da farar babbar riga ranar Juma'a, in kika bar kyamara da ra'ayinta, rigar za ta fito fuskar ta nutse. Ki ɗan ƙara, ko ki kunna filas ko da rana ce.

A wannan aikin Canon ta fi da abu biyu. Tana iya matsowa har santimita 1 daga abu, Sonyn sai wajen 5, kuma masu sayen leshi suna son ganin zaren kusa. Na biyu, fuskarta ta baya, inda ake kallon hoto, inci 3 ce mai ɗigo kusan 461,000, ta Sonyn inci 2.7 mai 230,000. A ta Sonyn da wuya ki gane ko hoton ya fita sarai sai kin tura shi waya. In za ki ɗauki turmi a shimfiɗe, kada ki tsaya dab da shi da ido a buɗe, gefunan za su lanƙwashe. Ki ja baya taku biyu ki ɗan zuƙo, layukan sai su miƙe.

Duk da haka ba zan yi miki alkawarin ƙorafi zai ƙare ba. Hoton yana barin hannunki ya shiga wayar mai saye, kuma kowace waya da yadda fuskarta ke nuna launi, wata ma an rage mata haske ko an sa mata launin dare. Wannan ba ya hannunki. Abin da kan rage gardama shi ne ki bar gefen farar takardar ya fito a hoton, ki kuma rubuta sunan launin da baki.

Tura hoto, caji, da ƙurar Kano

Canon tana da Wi-Fi, tana tura hoto waya ta manhajar Camera Connect ba sai da data ba. Sonyn ba ta da shi. Ga mai ɗora kaya kullum wannan babban sauƙi ne, amma ban ɗora hukuncina a kansa ba, don ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya, wanda ba ya wuyar samu a Farm Centre ko Beirut Road, yana yin aikin ga kowacce, sau da yawa ma ya fi sauri. In za ki tura wa mai saye a WhatsApp, ki zaɓi HD, ko ki tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi.

Wajen caji kowacce da halinta. Canon ana cire batirin ne, NB-11LH, a sa shi a cajarsa ta bango. Amfanin haka shi ne kina iya barin ɗaya a caji kina aiki da ɗaya, illarsa kuma in babu wuta babu caji. Sonyn a jikinta ake cajin batirin, NP-BN, ta wayar USB, saboda haka kwamfuta ma tana iya yi mata. Sai dai bakin wayar ba irin na wayar hannu ba ne, in ta ɓata sai an nema. Ko wacce kika ɗauka ki sayi batir na biyu. Lambobin 180 da 210 ɗin nan na sabon batir ne, wanda ya shekara da shekaru ba zai kai ba, kuma filas yana shan caji sosai. Batirin jabu yakan kumbura da zafin bazara, ya maƙale a ciki. Kada ki bar kyamarar a mota a rufe a watan Afrilu.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan kyamarori a garin nan shi ne ƙura. Idonsu bututu ne a cikin bututu, yana fitowa yana komawa a kan ƙananan haƙoran roba, kuma duk fitowa yana zuƙar iska. Babu wadda aka toshe don ƙura ko ruwa a cikinsu. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da idon. Ki samo mata 'yar jaka mai zif tata ita kaɗai, kada ki jefa ta cikin jaka tare da hoda da makullai, kuma kada ki fito da ita a cikin Adaidaita Sahu lokacin hunturu. In ido ya maƙale, kada a tura shi da hannu. Gyaransa sau da yawa sai an samo wata matacciya irinta an ciro, kuɗin kuma ya kusa na sayen wata.

Kafin ki biya

Ban riƙe waɗannan biyun da ke shagon a hannuna ba, don haka duk abin da na faɗa a kan samfurin ne, ba a kan su kansu ba. Canon mai ciwo ba ta kai Sony mai lafiya ba. Ki ba ƙaninki memori ya tafi da shi, ya nemi a bar shi ya gwada a natse. Ya kunna ya kashe sau da yawa yana saurare: ido ya fito sumul, ba gurnani, ba tsayawa a hanya, murfin gabansa ya buɗe duka ya rufe duka. In Canon ta taɓa rubuta Lens error ko sau ɗaya, ya ajiye ta. In Sonyn ta nuna E:62:10, ko ya ga hoton yana karkarwa a fuska alhali hannunsa a tsaye yake, abin rage rawar hannun ne ya lalace, ita ma ya ajiye. Ya zuƙo har ƙarshe ya ɗauki farin bango ko sararin sama. In ya ga wani baƙin tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a kan sensa, kuma sai an kwance kyamarar kaf kafin a kai gare ta. Ya haska gilashin da fitilar waya ya duba ko akwai karce ko wani abu kamar saƙar gizo a ciki, wanda danshi ke kawowa. Ya gwada filas sau uku a jere, ya duba ƙofar batir ko ta karye, ya ɗauki rubutun jarida ya ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi, alamar ta taɓa faɗuwa ke nan. Sannan a yi magana a kan kwanakin da za a iya dawo da ita, a gaban shaida.

Gwaji na ƙarshe ke za ki yi shi, in mai shagon ya yarda a kawo gida ko ki aika da yanki. Ki ɗauki atamfar da ta fi ba ki wahala, ki ɗauke ta a inuwar da na faɗa, da kyamarar da kuma wayarki, ki duba su a waya ɗaya. Ina faɗin haka ne don wayoyi da yawa na yanzu idonsu f/1.8 ne, wato yana shigar da haske ninki huɗu na idon Canon ɗin, kuma suna haɗa hotuna da yawa su fitar da ɗaya. A hoton dare ba filas, waya mai matsakaicin kuɗi tana iya kayar da su duka biyun. Abin da kyamarar ta fi waya da shi shi ne zuƙowa ta gaskiya, filas na gaskiya, da launin da ke zama inda kika ajiye shi. In kika ga gyaran haske kaɗai ya daidaita hoton wayarki, to matsalar kasuwancin ta warware, sayen kyamara ya zama don yara da biki, kuma a nan ma Canon ce.

In Canon ta faɗi gwajin Sonyn ta ci, ki ɗauki Sonyn ba fargaba, ki dai san iyakarta: ki tsayar da ISO ɗinta kada ya wuce 400, cikin ɗaki ki dogara da filas ki matsa kusa, ki haɗa da abin karanta memori a cinikin. Memori kuwa SD mai gigabait 16 ko 32 ya ishe ki, mai lamba 10 a cikin da'ira. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, sukan nuna girman da ba su da shi, sai an cika su hotunan su ƙi buɗewa. Ki saya a shagon da za ki iya komawa, ki sa kyamarar ta yi masa fomat da kanta, kuma duk ƙarshen mako ki kwashe hotunan zuwa wani wuri.